Daga NIN zuwa CAPS: yadda muke neman wa Yayarsu jami'a a 2025

Lahadi, 19 ga Janairu

Zan riƙa rubuta abin nan ne saboda ita ce ta farko a gidanmu da za ta nemi jami'a, ni NCE na yi kuma a lokacinmu da fensir ake cike JAMB, Abbansu kuwa tun yana saurayi kasuwa ta ɗauke shi, to mu duka biyun koyo muke. Sunanta ba zai fito ba, kun san sha'anin 'yar fari, Yayarsu nake ce mata yadda ƙannenta suka saba. Tana SS3 ajin kimiyya a nan Kano.

Yau na baje takardunta a tabarma, silip ɗin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa da fom ɗin makaranta, sai na ga sunan kakanta a NIN akwai wasali a ƙarshe amma a na makaranta babu. Wani zai ce wannan ai ba komai, amma JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye, in takardar NECO ta zo da wani rubutun daban to ranar tantancewa a jami'a za a sha wahala. Gobe zan je makarantar su gyara nasu ya bi na NIN kafin su tura sunaye.

Shekaru babu matsala, Yuli za ta cika 17, doka kuma 16 ce zuwa 30 ga Satumba. Bara da aka yi ta maganar sai 18 hankalin iyaye da yawa ya tashi, alhamdulillahi an janye.

Abin da ke damuna ɗaya ne, NECO kawai muka biya mata. Makaranta ta nemi N62,000 na WAEC da N55,000 na NECO, kuma ga kuɗin makarantar ƙannenta uku, dole muka zaɓi ɗaya. Ma'ana in darasi ɗaya ya faɗi babu wani sakamakon da za a haɗa da shi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An buɗe rajistar JAMB shekaranjiya. Na sayi sabon layi da sunana na ware shi don wannan aikin kawai, saboda layin da aka nemi lambar furofayil, wato lambar da JAMB ke bayarwa kafin rajista, da shi shi ne nata har ƙarshe, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa ta nan kuma za a duba sakamako. Mun tura NIN zuwa 55019, lambar ta zo da daddare. Layin yana cikin wata tsohuwar waya a durowata, na ce ko kati ya ƙare wa mutum kada ya taɓa.

Talata, 11 ga Fabrairu

An yi rajista. N8,700 da mok, wato jarrabawar gwaji, a ciki, wanda ba ya son mok N7,200 ne. Adaidaita zuwa da dawowa N2,400, abinci da ruwa N1,500. Santar rajistar ta cika maƙil, tun bayan asuba yara suka kama layi, sai bayan la'asar aka ɗauki yatsunta da hoto.

Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Kwas kuma likitanci, wannan Abbansu ne ya faɗa tun daga gida kuma ita ba ta ce komai ba. Ina so in rubuta dalilinsa don kada a ɗauka son suna ne, lokacin rashin lafiyar Hajiya mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, ta daɗe tana ɓoye ciwonta don ba ta son namiji ya duba ta, tun daga nan ya ƙudurta in Allah Ya ba shi 'ya mace mai kai to likita za ta zama. Ni ma ina son hakan, sai dai ina ganin yadda take kokawa da Fiziks tun SS1.

Sunan jami'ar zan bar shi tukunna tunda muna cikin nema.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ta fara lesin na yamma, N15,000 a wata. Asabar kuma awa biyu a kafe tana koyon amsa tambaya a kwamfuta, N500 awa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60 sauran uku 40 kowanne, to wanda hannunsa bai saba ba lokaci zai cinye shi ko da ya san amsar. Mai kafen ya nuna mata ba sai da maus ba, A B C D na amsa, N gaba, P baya, S na miƙawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi. An ba makarantu hutu, lesin ya koma safe. Bayan sahur take karatu har rana ta fito, na cire ta daga aikin buɗa-baki gaba ɗaya, ƙanwarta ta karɓi suyar ƙosai tana ƙunƙuni.

Asabar, 29 ga Maris

Jajibirin Sallah kuma yau an yi kuka a gidan nan. Mai lalle ta zo, 'yan matan layinmu duk sun hallara a tsakar gidanmu, ni kuma na ce Yayarsu ba za a sa mata a yatsu ba ko ɗaya. JAMB ta yi gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura gane yatsa, kuma wanda na'ura ba ta gane ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa, ga wasu garin goge lallen da sinadari suna lalata zanen yatsan gaba ɗaya. Jan lalle a fata yana yin sati biyu zuwa uku, mok saura kwana 12. Gwaggonsu ta ce na cika tsanani, Sallah guda yarinya ta fita hannu fari kamar mai takaba. A ƙarshe an zana mata fulawa a bayan hannu da ƙafa, tafin hannu da yatsu aka bar su. Iyaye mata don Allah ku kula da wannan, har da bikin da zai faɗo kusa da jarrabawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mok. Yatsa ya hau ba matsala. Ta ce lokaci ya kusa ƙare mata a Fiziks saboda ta tsaya lissafi da kalkuletan kan allo.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sakamakon mok 198. Ta yi shiru duk yini. Malamin lesin ya ce ta fara da Kemistiri da Bayoloji da take da sauri a kansu, ta bi da Turanci, ta bar Fiziks ƙarshe da abin da ya rage. Abbansu ya ƙara N10,000 a samo mai koya mata Fiziks ita kaɗai na kwanakin da suka rage.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ta rubuta. An fara tun Alhamis 24 ga wata, ita nata ya faɗo yau zaman farko, santar kuma can wani gefen gari da ba mu taɓa zuwa ba, shi ya sa jiya Abbansu ya rufe shago da wuri suka je suka gano wurin. Yau ana idar da asuba suka fita. Ba waya, ba agogo, ba jaka, silip kawai, iyaye kuma an hana su tsayawa kusa da santa, Abbansu ya koma wani masallaci a bakin titi ya zauna da sauran iyaye maza. Firintin silip N300, man fetur N6,000.

Da ta dawo na tambaye ta, ta ce Umma Kemistiri ya yi daɗi, Fiziks kuwa guda goma na ƙarshe cika su kawai na yi. Ban ƙara tambaya ba na zuba mata abinci.

Juma'a, 9 ga Mayu

231. Turanci 54, Fiziks 49, Kemistiri 68, Bayoloji 60.

Ni da saƙon ya shigo hamdala na yi da ƙarfi, domin tun farkon sati JAMB ta fitar da lissafi cewa cikin yara kusan miliyan 1.95 sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, to 'yarka ta kawo 231 a irin wannan shekarar ai sai godiya. Amma ita tana gani ta shige ɗaki, don ta san abin da ake nema a likitanci, Abbansu kuma ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo sannan ya ce Allah Ya sa albarka ya fita masallaci. Gidan ya yi tsit har dare.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jiya shugaban JAMB Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi yara 379,997 a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, har ya yi hawaye, za su sake rubutawa. A gurup ɗin iyayen ajinsu sai murna ta tashi wai kowa za a sake wa, na yi ta bayani cewa Kano ba ta ciki, namu makin shi ne namu.

Sai kuma ga wani ya bi ni ta WhatsApp, ban san inda ya samu lambata ba, wai yana da mutum a ciki zai ɗaga 231 ya koma 290 a kan N40,000, rabi yanzu rabi in na gani. Na toshe shi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne wata a gurup ɗin ta ce ita har ta tura wa irinsu kuɗi. Jama'a takardar da za su buga muku daban, abin da jami'a ke gani a kwamfutarta daga JAMB daban. Ku tuna yarinyar nan ta Anambra a 2023 da aka yi ta yayata ta ci 362, bincike ya nuna 249 ne, aka hana ta JAMB shekara uku, alhali 249 ɗin ma maki ne mai kyau da zai kai ta wani wuri.

Lahadi, 8 ga Yuni

Wannan zai yi tsawo. Yawon Babbar Sallah ya tara mu a gidan su Abbansu kuma maganar Yayarsu ta zama abin tattaunawa ba tare da na so ba. Abbansu ya ce shi ra'ayinsa a bar likitancin yadda yake, in bai fito ba ta zauna ta sake JAMB baɗi da shiri mai kyau. Kafin ya rufe baki Gwaggonsu ta ce to in zama za ta yi ai ga ɗan wane yana ta aike, a yi abin da ya dace ta ƙarasa karatun a ɗakinta. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Ba auren nake ƙi ba wallahi, amma na ga 'yan ajinmu da aka ce su jira shekara ɗaya, na san inda jiran ya ƙare, kuma yarinyar da ta bar aji ta zauna gida tana wanke-wanke ba kasafai makinta ke ƙaruwa a zagaye na biyu ba sai an tsaya mata sosai.

Da daddare na kira ƙanena da yake koyarwa a wata kwalejin kimiyya, na sa shi a sifika Abbansu yana ji. Ya ce Yaya ku fahimci yadda ake rabon nan, a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne zalla, wanda ya fi maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa suna baya a boko, kuma Kano tana cikinsu. Amma ya ce wannan ba zai cece mu a likitanci ba, domin majalisar likitoci ta MDCN ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kujerun kaɗan ne, kuma 'yan Kano da Jigawa da Katsina masu maki sama da nata da suka nemi kujerun nan suna da yawa, da su za ta yi takara ba da 'yan Legas ba. Famasi da nas ma ya ce kusan haka suke da cunkoso.

Ya lissafo mana hanyoyi. Ko a canza kwas zuwa wanda 231 zai yi ƙarfi a cikinsa. Ko IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ke ƙarƙashin ABU Zariya, kamar a makarantarsu ta SBRS Funtuwa, ta yi kusan shekara in ta ci da kyau ta nemi shiga aji biyu kai tsaye, amma shi ma likitanci ta nan sai wanda ya yi fice sosai. Ko kwalejin nas. Abu ɗaya da ya ja mana kunne a kai, kada wani ya ruɗe mu da cewa ta shiga kowane kwas daga baya a mayar da ita likitanci, ya ce yana faruwa amma ɗaiɗai ne, kada a gina rayuwar yarinya a kan wannan.

Abbansu bai ce komai ba. Ni kuma na ce a bari ta gama NECO, kada a ƙara tayar da maganar a gabanta.

Litinin, 23 ga Yuni

NECO ta kankama. Kullum N1,000 na mota da abin taɓawa. Ruwan sama ya hana ta barci jiya, ɗakinsu yana yoyo, na dawo da ita nawa.

Laraba, 9 ga Yuli

Jiya aka yi taron JAMB da shugabannin makarantu, mafi ƙarancin maki 150 na jami'a, 140 na kwalejin nas, 100 na poli da kwalejin ilimi. Tun jiya gurup ya cika da barka, wata mai ɗa da 156 ya nemi lauya har tana cewa an gama. Na rasa yadda zan faɗa mata ba tare da na karya mata zuciya ba. 150 ɗin nan ƙasa ce da aka hana jami'a sauka ƙarƙashinta, kowace jami'a tana da ikon sa nata sama da haka, kowane sashe kuma yana yanka nasa bisa yawan masu nema. Duk shekara wannan lambar tana sa iyaye su saki jiki har lokacin canza kwas ya wuce. Na bi ta ta gefe na yi mata bayani, ta ce za ta yi shawara da babansa.

Lahadi, 27 ga Yuli

An gama NECO ranar Juma'a. Yau bayan la'asar muka zauna mu uku, na ce mata ta faɗi abin da ke ranta ba wanda zai yi fushi. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabi sannan ta ce Abba ka yi haƙuri, ni ko da na ci 300 Kemistiri nake so, ranar da muke aikin lab ba na son a tashi. Ta ce ta bincika Bayokemistiri, darussan JAMB ɗinta huɗu sun dace da shi, kuma ana aiki da shi a kamfanonin magani da na abinci da wuraren bincike da hukumomi irin NAFDAC.

Abbansu ya tambaye ta sau biyu ko ni na sa ta, ta ce a'a. Ya ce to shi ba zai tilasta mata abin da za ta yi shekara shida tana kuka a kai ba, Allah Ya yi zaɓi mafi alheri, amma ƙanwarta ta JS3 ta fara shiri. Na san abin ya yi masa ciwo, da daddare bai ci tuwo ba.

Talata, 29 ga Yuli

An canza kwas a santa mai rajista, N2,500 na JAMB da ɗan kuɗin aikin santa. Jami'ar ba mu canza ba. Mun karɓi firintin mun duba harafi harafi kafin mu bar wurin.

Asabar, 9 ga Agusta

WAEC ta fito ranar Litinin da kashi 38.32 masu kiredit biyar da Turanci da Lissafi, jiya kuma suka ce an samu kuskure a wajen maki suka gyara ya koma 62.96. Mu bai shafe mu ba amma maƙwabciyata kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba kafin gyaran. Ni dai tsoron NECO ya ƙaru mini.

Alhamis, 28 ga Agusta

An cike fom ɗin tantancewa na jami'a, N2,000 sai cajin banki da N1,500 na kafe. A gurbin sakamakon sakandare an sa ana jira. Ta koma bitar tsofaffin tambayoyi, na kuma sa ta a wajen ɗinki da safe don zaman ya yi mata sauƙi, N8,000.

Laraba, 17 ga Satumba

NECO ta fito. Na sayi tokin, wato lambar duba sakamako, hannuna yana rawa, ita ta ƙi kallo ta ba ni baya. Turanci C5, Lissafi C4, Kemistiri B2, Bayoloji B3, Fiziks C6. C6 ɗin nan da ya sauka mataki ɗaya ya zama D7 da duk abin da na rubuta tun Janairu ya tsaya sai wata shekarar ko sai ta yi ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Na yi sujada a tsakar ɗaki. Abbansu ya dawo da tsire da lemo, ya ce kuɗin malamin Fiziks bai tafi a banza ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

An ɗora sakamakon a CAPS, shafin JAMB da ake ba da adimishan ta cikinsa, N1,000 a santa, an kuma sabunta a shafin jami'ar. Wannan matakin mutane da yawa suna mantawa, in sakamakon sakandare bai hau shafin JAMB ba jami'a ba ta da yadda za ta tura sunan yaro ko makinsa nawa ne. Wurin biyu ne daban, ɗorawa a na jami'a ba ya wadatar da na JAMB. Na sa ta buɗe a gabana na gani da idona darussan sun bayyana.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Shiru. Tana duba CAPS safe da yamma, data N1,500 a sati. Wani ɗan uwan Abbansu ya ce yana da hanya a wata makaranta za a ba ta takardar shiga ba sai ta CAPS ba, na ce a'a, duk adimishan da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, sai yaro ya gama karatu a zo bautar ƙasa a ce babu sunansa.

Talata, 21 ga Oktoba

Ya fito. Bayokemistiri. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta buga mana ƙofa tana kuka tana dariya, Abbansu da kansa ya ce danna karɓa yanzu kada a kwana, ta danna. Da safe ya kira 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu sunan kwas ɗin a hankali don kada ya yi kuskure, Gwaggonsu ma ta yi guɗa a waya.

Abin da ke gaba. Gobe firintin takardar adimishan da asalin silip ɗin sakamako daga shafin JAMB, da takardar shaidar ƙaramar hukuma wadda har yanzu ba mu karɓo ba, da hotuna. Kuɗin rajista muna jiran jami'a ta fitar da na bana, na ware N120,000 daga adashen da zan ɗauka ƙarshen wata, Abbansu zai cika sauran. Hostel ba za mu nema ba tunda cikin gari ne, amma kuɗin mota kullum sai an zauna an yi lissafinsa. Ƙanena ya ce da zarar ta samu lambar ɗaliba ta nemi bashin NELFUND, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a su kuma ba ɗalibi N20,000 a wata, ba ruwa a kai kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Abbansu yana ɗari-ɗari da kalmar bashi, ya ce sai ya tambayi malaminsa ranar Juma'a. Matar nan ta gurup mai ɗa da 156 ta canza masa zuwa kwalejin ilimi tun Agusta, su har yanzu suna jira, gobe in na fita firintin zan tafi da shi a duba masa ko sakamakonsa ya hau CAPS.